Su wa suka kalli Ahdul Asdiƙa suna yara?

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina cigiyar waɗanda suka taso da Spacetoon, tashar katun ɗin nan ta Larabci, zamanin da gida ɗaya ko biyu ne ke da dish a layi, yaran unguwa kaf su cika falon mutane bayan la'asar. Akwai katun ɗin da har gobe in na ji kiɗan farkonsa sai idona ya ciko, wato Ahdul Asdiƙa, labarin Romiyo, yaron ƙauyen da aka kai birnin Milan yana share bututun hayaƙi, da amininsa Alfredo. Na kalli Sali, na kalli Rimi, na kalli Kyaftin Majid tare da yayyena maza, amma babu wanda ya zauna mini a rai kamar wannan.

Abin da ya sa na kawo maganar, ina so in nuna wa yarana. Babbar shekararta tara. Mahaifinsu ya ce labarin ya yi wa yaro nauyi, akwai sayar da yara, akwai duka, akwai yunwa, ga mutuwa. Ni kuma gani nake mu da muka kalla ba abin da ya rage mu da shi. Don Allah waɗanda suka san shi, me kuka gani?

Sadiƙ Damagaram

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Mu a Zinder gidan wani ɗan kasuwa maƙwabcinmu muke zuwa, mu jera takalma a ƙofar ɗaki, mu zauna a kan leda ba mai tari. Larabcinmu bai wuce na makarantar allo ba, amma ba abin da ke wuce mu, don fuskar yaran kaɗai ta isa ta gaya maka abin da ake ciki.

Ni wurin da ba na mantawa shi ne daren da Luini, dillalin da ke sayen yara, ya loda yaran a kwale-kwale zai tsallaka tafki da su cikin hadari. Kwale-kwalen ya kife. Mutumin da ya ƙona gonar mahaifin Romiyo don talauci ya tilasta musu ba da ɗa, shi ne ke nutsewa, kuma yaran nan suka jawo shi bakin ruwa. Na ɗauka daga nan zai ji kunya ya sake su. Ina! Da ya farfaɗo haka ya tasa ƙeyarsu zuwa Milan ya sayar. Ranar na koma gida ko tuwon dare ban iya ci ba.

Ummu Hanif

Allah sarki, yau an tuna mini da gida. Ni a Wad Madani na taso, cikin Hausawan Sudan, don haka Larabcin ba ya ba mu wahala. Amma na katun ɗin daban yake da wanda muke yi a kasuwa, Larabcin littafi ne tsantsa. A Damaskus aka yi fassarar muryoyin, a cibiyar da ake kira Az-Zuhra, kuma Rasha Rizk ce ta rera waƙar farkon. Yawancin katunan Spacetoon na lokacin daga wannan cibiya suka fito, shi ya sa za ku ji muryoyin suna kama da juna. Malaminmu na nahawu har cewa yake yana gane yaran da ke kallon tashar daga yadda suke karanta wasali a ƙarshen kalma.

Maman Ilham, ni dai ina bayanki. Na nuna wa nawa, kuma tare muka zauna.

Auwal Fagge

Ku yi haƙuri, ni Giovanni ne gwanina, shugaban 'yan daban Kyarkeci. Kowa Alfredo, Alfredo. To Alfredo ɗan manyan gida ne, ya yi karatu tun yana ƙarami, ya san yadda ake magana da sarki. Giovanni kuwa titi ne ya raine shi, ba wanda ya koya masa komai, amma duk da haka yana da ƙa'ida. Ba ya yarda a yi ha'inci a faɗa, kuma da ya ga yaran nan masu baƙin jiki ba matsorata ba ne, sai ya ba su girmansu. Wanda ya fara da ƙiyayya ya ƙare da amana ya fi burge ni a kan wanda dama can mutumin kirki ne.

Maman Ilham

Malam Auwal, kar ka manta da irin azabar da 'yan Kyarkecin nan suka gana wa masu share bututu kafin su haɗa kai. Yaro ya wuni cikin kunkunniya, ya fito da ɗan abin da ya samu, a tare shi a lungu a lakaɗa masa duka. Kuma ai ba Giovanni ne ya nemi sulhu don kansa ba, sai da Alfredo ya tara yaran suka zama ƙungiya, ya ga ba sa tarwatsewa.

Auwal Fagge

Ban musa ba Hajiya. Amma ki duba bayan rasuwar Alfredo wa ya tsaya tare da su. Da Nikita, yarinyar nan mai shigar maza da ke cikin dabarsu, wadda ta so Alfredo ta kasa faɗa. Ni kukanta ya fi na kowa taɓa ni.

Malam Bashir

Salamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku, bari in sa baki, don akwai abin da da yawanmu ba mu sani ba lokacin da muke kallo: labarin nan yana da tushe a tarihi.

Katun ɗin na Japan ne. Kamfanin Nippon Animation ne ya yi shi a 1995, kashi 33, cikin jerin da suke ɗauko littattafan yara na Turai suna mayar da su zane mai motsi, jerin da Sali ma ta fito daga cikinsa a 1985. Littafin da aka ɗauko labarin Romiyo kuwa da Jamusanci aka rubuta shi, ya fito a Suwizalan a farkon shekarun 1940 da sunan Lisa Tetzner. Mijinta Kurt Kläber yana da babban hannu a rubutun, amma shi ɗan gudun hijira ne daga Jamus ta Hitila, ba a ba shi izinin buga littafi a Suwizalan ba, sai aka sa sunan matar kaɗai. A littafin sunan yaron Giorgio, mutanen Japan ne suka mayar da shi Romiyo.

Ƙauyen Sonogno da yaron ya fito yana nan har yau, a ƙarshen kwarin Verzasca, a yankin Ticino na kudancin Suwizalan, inda ake magana da Italiyanci. Tafkin da Sadiƙ ya ambata shi ne Maggiore, wanda ya ratsa iyakar Suwizalan da Italiya. Yanzu in an ce Suwizalan sai mu tuna banki da agogo, amma a ƙarni na 19 kwarurukan nan fatara ce ta yi musu katutu. Ƙasar duwatsu ce, gonar ba ta ciyar da gida, in sanyi ya shigo kuma komai ya tsaya. To sai masu sana'ar share bututu su bi ƙauyuka suna karɓar yara maza ƙanana, a ba iyaye ɗan abin da ba a rasa ba, a tafi da yaro Milan da sauran birane ya yi lokacin sanyi gaba ɗaya, sai bazara ya dawo, in yana da rabon dawowa.

Dalilin da ya sa sai yara: gidajensu kowanne da murhun jin ɗumi, hayaƙin yana fita ta bututun da aka gina cikin bango har saman rufi. Kunkunniya tana taruwa a ciki, in ba a kankare ba gobara ta tashi. Bututun kuwa matsattse ne, babba ba ya shiga. Sai a tura yaro daga ƙasa, ya riƙa tokarawa da gwiwa da gwiwar hannu da baya yana hawa cikin duhu, yana kankara da ƙarfe, baƙin garin yana zubo masa a ka. Wani lokacin bututun bai gama hucewa ba. Kuma maigida ba ya son yaro ya yi ƙiba, don kar ya kasa shiga, kun ga ke nan yunwar da muka gani a katun ɗin ba rowa ce kawai ba, tana cikin lissafin sana'ar.

Ba Italiya kaɗai ba. A Ingila tun 1775 wani likita, Percivall Pott, ya gano cewa kunkunniyar tana jawo wa masu wannan aiki ciwon daji. Duk da haka sai a 1875 aka yi dokar da ta kawo ƙarshen tura yara cikin bututu a can, bayan wani yaro ya maƙale a ciki ya mutu a wannan shekarar. Shekara ɗari ke nan tsakanin sanin illa da hanawa.

Sadiƙ Damagaram

Innalillahi. Malam, ashe da gaske an yi. Ni duk zatona mai zane ne ya ƙirƙira don ya sa mu kuka.

Malam Bashir

An yi Sadiƙ. A garin Santa Maria Maggiore da ke kwarin Vigezzo, ɓangaren Italiya, akwai gidan tarihi na masu share bututu, kuma duk shekara a farkon Satumba masu sana'ar daga ƙasashe da yawa suna taruwa a can. Jikokin waɗannan yaran ba su ɓoye abin ba.

Auwal Fagge

To ni fa bayanin nan na Malam ya sa na ga kamar labarin almajiranmu ake bayarwa. Yaro ƙarami, nesa da uwa, garin da bai san kowa ba, ba mai kula da cinsa da kwanansa sai 'yan uwansa yara. Muna kuka a gaban talabijin, alhali ga su nan a ƙofar gida da roba.

Baban Nana

A'a Auwal, a nan ban bi ka ba. Ni na yi almajiranci, daga ƙauyenmu aka kai ni gabas, kuma ba wanda ya karɓi ko sisi a kaina. Mahaifina karatu ya kai ni nema, ya damƙa ni hannun malamin da ya yarda da shi. Wahala kam an sha, ba na ɓoyewa, kuma yadda abin ya koma yanzu a birane akwai gyara mai yawa. Amma haɗa mahaifin da ya kai ɗansa neman Alƙur'ani da dillalin da ya ƙona gona don ya sayi yaro, wannan bai yi adalci ba.

Inda zan yarda da kai shi ne zumuncin yaran. Wanda bai kwana a tsangaya ba ba zai gane ba. In ɗaya ya kwanta zazzaɓi, sauran ne za su yi bara su kawo masa, su rufa masa buhu, su yi masa ƙarya wurin gardi don kar a tashe shi. Da na ga ƙungiyar su Alfredo na gane su nan take. Abokin da muka raba ɗumame da shi a lokacin, yau ko ƙarfe biyun dare ya kira ni zan tashi.

Auwal Fagge

Na ji, Baba. Niyyar iyaye daban ce, ban ja ba. Amma cikin yaro bai san niyya ba.

Hauwa Nas

Ku bar almajirai, akwai waɗanda labarin ya fi kama da su, kuma a cikin gidajenmu suke: 'yan aikatau. Mace ta je ƙauye ta kwaso yara mata, ta raba su gidaje a birni, ƙarshen wata ita ke zuwa karɓar kuɗin, yarinyar ko ganinsu ba ta yi. Ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, abincinta ragowar na yaran gida. In wani abu ya ɓata kuwa ba a tambayar kowa sai ita.

Ku tuna gidan Rossi da aka kai Romiyo. Edda matar gidan tana ƙirga masa loma, ɗanta Anzelmo ya saci kuɗi ya ɗora masa, aka yarda nan take saboda shi bare ne. Wannan wurin ni ba tausayi kaɗai ya ba ni ba, tsoro ya ba ni, don na san a gidaje da yawa mu ne Edda. Na taɓa karɓar wata yarinya a asibiti, ba ta fi shekara goma sha ɗaya ba, hannunta duk ya tsattsage saboda wanki da omo, tafin ya yi fari ya kumbura. Matar da ta kawo ta tana tsaye tana duba agogo, tambayarta ɗaya, yaushe za ta iya komawa aiki.

Anti Rabi

Hauwa kin faɗi gaskiya, Allah ya shirye mu. Amma ku dawo kan tambayar baiwar Allah nan. Ni na girme ku, lokacin da kuke kallon nan ni ce uwar da ke falo. Autana da aka nuna mutuwar Alfredo kwana ya yi yana firgita, yana tambayata ko shi ma in ya yi tari zai mutu. Yaro ba ya raba zane da gaskiya. Kuma akwai coci da addu'o'insu a ciki, duk da masu fassarar sun rage. Ni shawarata, Maman Ilham, ki bi maganar maigidanki, ki bari su ƙara wayo. Me ake ci na sauri?

Ummu Hanif

Anti, da girmanki, amma yaranmu na yanzu me ba su gani a waya? Harbi da sara suke gani ba dalili, mutum ya faɗi a wuce, ba mai kuka. A nan kuwa mutum ɗaya ne ya mutu, aka tsaya aka nuna yadda rashinsa ya yi wa kowa. Romiyo ya kasa ci, ya kasa yarda, sai da aka tuna masa cewa amininsa ko jana'iza ta mutunci ba zai samu ba in ba su tashi ba. Yaran da ba su da komai suka bazama neman kuɗi don a binne shi kamar ɗan mutane. Ɗana da ya ga wurin ya tambaye ni wa ke yi wa wanda ba shi da kowa sutura a garinmu. Na ji daɗin tambayar, muka zauna na yi masa bayanin haƙƙin mamaci a kan al'umma.

Maganar coci kuma, mutanen Italiya ne na wancan zamani, haka rayuwarsu take. Yaro ya san akwai wasu mutane da nasu addinin, kuma su ma suna jin yunwa suna jin zafin rabuwa, ban ga aibu a ciki ba in uwa na kusa.

Hauwa Nas

Anti Rabi, tambayar autanki tana da amsa mai kwantar da hankali. Tarin fuka ne ya kashe Alfredo, kuma a zamanin da aka saka labarin ko ƙwayar cutar ba a gano ba, sai a 1882 Robert Koch ya gano ta, maganin farko mai aiki kuwa sai a shekarun 1940. Yaro mai kwana a wuri mai sanyi, ba abinci, yana shaƙar kunkunniya kullum, ba yadda zai yi. Yau magani na wata shida ne, kuma kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati a Najeriya. Abin da ke ba ni takaici shi ne har yanzu ana kawo mana mutane a makare, sun yi wata da watanni suna tari suna ɓoyewa, kamar yadda Alfredo ya ɓoye wa ƙanwarsa Biyanka da amininsa Romiyo.

Sadiƙ Damagaram

Ɓoyewar nan ita ce abin da na kasa yafe wa Alfredo ina yaro. Ina ce amini shi ne wanda ba ka ɓoye masa komai? Sai da na girma na ga dalilinsa. Yana da aiki a gabansa: baffansa Maurizio ya hallaka iyayensa a gobara, ya ɗora masa laifin, yana neman gadon. In bai wanke sunansa a gaban sarkin Italiya ba, Biyanka ba ta da mafaka. Ya san kwanansa kaɗan ne, in ya faɗa za su kwantar da shi su hana shi fita. Bai so a yi jinyarsa, so yake a taya shi ya gama.

Kuma abin da ya bar wa Romiyo ba kuɗi ba ne. Romiyo ya zo Milan ko harafi bai sani ba. Angeletta, yarinyar nan mai ciwon zuciya da ke kwance a gidan Rossi, da Farfesa Casella, da shi Alfredo, su suka sa masa son karatu. Alfredo yana wuni a bututu, maigidansa mashayi, amma dare ya yi yana neman littafi. Ƙarshe Romiyo ya zama malamin makaranta, ya auri Biyanka, suka sa wa ɗansu Alfredo. Ni yau malamin firamare ne, kuma ba zan ce katun ne ya sa ba, amma duk yaron da ya zo ajina daga ƙauye yana zama gidan wani, nakan san shi tun makon farko, daga yadda yake gyangyaɗi.

Maman Ilham

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Rabi, na ɗauki rabin shawararki: ƙaramin zan bar shi tukuna. Babbar kuma na karanta wa mahaifinta abin da Malam Bashir da Hauwa suka rubuta, ya ce in dai tare za mu zauna ba laifi, shi ma yana so ya gani.

Amma akwai wanda ba ku taɓo ba, Marcello Rossi, maigidan Romiyo. Ni fa ina tausayinsa. Ba mugu ba ne, matarsa ce ta fi ƙarfinsa, kuma daga baya ya so yaron nan da gaske.

Baban Nana

Haka ne Hajiya. Shi ma talaka ne, sana'ar da ya gada ke nan, bai san wata ba. In aka kwatanta shi da maigidan Alfredo ai shi waliyyi ne.

Hauwa Nas

Baba, ku gafarce ni, ni Marcello ya fi Edda ba ni haushi. Edda ba ta ɓoye ƙiyayyarta ba, yaro ya san inda zai kauce. Shi kuwa ya san gaskiya. Ya san yaron ba ya ƙoshi, ya san halin ɗansa, yana gani ana zalunci a gidansa sai ya sunkuyar da kai ya fice ya tafi shan giyarsa. Da kuɗinsa ya je ya sayi ɗan mutane, shi ke tura shi cikin bututu da safe, shi ke karɓar ladan aikin. In ya yi masa murmushi a hanya, wannan bai mayar da ko loma ɗaya cikin kwanon yaron ba.

Irinsa sun fi Luini yawa, kuma da su sana'ar ta rayu. Luini mutum ɗaya ne a labarin. Masu saye kuwa layi suka yi a ranar da aka kawo yaran Milan, kowa yana latsa kafaɗar yaro yana duba wanda zai shiga bututu, kuma na tabbata kowannensu in ka tambaye shi zai ce ai shi yana riƙe nasa da kyau.

Auwal Fagge

Anti Hauwa, to in haka ne masu gidajen da ake share wa bututun fa? Suna zaune a falo, yaro ya shiga ta murhunsu ya fito ta rufi, su biya maigidansa su rufe ƙofa.

Hauwa Nas

Su ma suna ciki, Auwal. Casella kaɗai na gani ya tambayi yaron sunansa, ya zaunar da shi, ya miƙa masa littafi.